Ganuwar Fanisau Da Gandun Sarki

Mai karatu, mu mutanen cikin birni idan aka ce ganuwa, hankalinmu badala yake tafiya, ko Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mata. To amma fa ba birni kaɗai aka kewaye ba. A zamanin da, manomin karkara ma bai isa ya kwana a fili ba. Mai ƙarfi ya yi ganuwar ƙasa da gwalalo, marar ƙarfi ya yi kafi na itace da ƙaya, domin mahara ba sa sallama.

Ɗauki Fanisau, nan arewa da birni, cikin ƙasar Ungogo. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, shi ya mai da ita ribaɗi saboda Ɗan Tunku, wanda ya yi masa tawaye daga arewa, ya kuma kafa Kazaure. Ya gina gida a can, har Baturen Ingila Clapperton ya same shi a garin a 1824. Gonakin da ke kewaye kuwa gandun sarki ne, daga nan ake kai dawa da gero fada.

Ga inda mutane ba sa son a taɓa. Su wa ke noman gandun? Bayi ne, yawancinsu kamun yaƙi. Su yi wa sarki aiki tun hantsi har azahar, sannan kowa ya lallaɓa gayaunarsa ya nemi abin kai wa baka. Manyan bayin fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi ke duba gandayen. Wato ganuwar nan aiki biyu take yi: ta tare mahari daga waje, ta kuma tare na ciki kada ya sulale. Ni dai a ganina wanda ya faɗi na farko ya haɗiye na biyu, rabin tarihi ya ba mu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 hari ya ƙare, aka daina yaɓen ganuwa. Bautar kuwa sai 1936 doka ta kashe ta ɗungurungum. Damina ta ci rabonta, masu tubali suka kwashe nasu, masu awon filoti suka ƙarasa. Gidan sarki dai ya tsira saboda Hawan Fanisau na Babbar Sallah. A sauran wurare kuwa, sai ka ga wani ɗan tudu ya miƙe a gefen gona, awaki na kiwo a kai, sai dattijon gari ne zai ce maka nan ƙofa take.