Masarar Funtua da giyar Fijo: me ke karya haƙoran giya?

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar Ɗandume ya ga akori-kura ta fito da buhunan masara har bayanta na neman taɓa ƙasa, ya san giyar motar nan tana shan wuya. To me ya sa wata giyar ke shekara da shekaru tana wannan bauta, wata kuwa haƙoranta su zube?

Labarin ya faro ne a 1975. A shekarar ce aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a daidai lokacin ne shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya kankama. Taki ya samu, an buɗe hanyoyin karkara, masara ta fara gogayya da dawa da auduga daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi. Kaya ya yi yawa, sai Fijo ta ɗauki nata kason: da farko akori-kura 404, daga baya 504. Injinta bai kai ƙarfin doki 100 ba, giya huɗu ce kawai.

Yawanci idan ana cika baki da mota, ƙarfin doki ake ambata. Amma haƙorin giya bai san doki ba, ƙarfin murɗawa ya sani, wato yadda inji ke murɗa sandar da ta shiga giyabos. Giya ta ɗaya tana ninka wannan murɗawa fiye da sau uku, kuma haƙora ƙalilan ne ke ɗauke da ita a lokaci guda. Idan mota ba kaya, da an saki kuloci sai ta zabura, ƙarfin ya tafi a gudu. Idan kuwa an danƙare ta, tayoyi sun nutse a laka cikin watan Agusta, direba ya taka totur ya fizge ƙafa daga kuloci, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai kan haƙora da borin. Sa'ar Fijo ita ce injin nata mai haƙuri ne, bai cika fin ƙarfin giyarsa ba.

Amurka ta ga ɗaya fuskar. Daga 1987 kamfanin Jeep ya sa giyar Peugeot mai suna BA10 a bayan injinsa mai silinda shida, lita 4. Giyar nan tana aiki lafiya a manyan motocin Peugeot, amma a can sai ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa. A 1989 suka sauya ta da AX-15 ta kamfanin Aisin na Japan.

Wannan ya kamata mai son ɗora babban inji ɗan Kwatano a tsohuwar mota ya tuna. Abin da aka fi fara yi shi ne sa faifan kuloci mai tauri don ya daina zamewa. Ni dai ina ganin nan ne kuskuren. Zamewar nan ita ke kare giya, kamar fis a wayar lantarki, kuma faifai ya fi giyabos araha nesa ba kusa ba. Masu tseren motoci kan sauya giyabos ɗin ɗungurungum, su sa mai kaurin sanda da faɗin haƙora, sannan su bi ta kan farfela da aksil, don da an ƙarfafa wuri ɗaya, raunin sai ya koma na gaba da shi.