Zakzaky da Alƙalai: Shekara Arba'in Ana Shari'a

A nan Gumel, waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 sun ji muryar Malam Ibrahim Yaƙub Zakzaky tun kafin su ga fuskarsa. Kaset ne ke yawo, daga jakar ɗalibin da ya dawo hutu zuwa teburin mai shayi, wata ran ma ka ji shi yana tashi daga rumfar mai gyaran rediyo ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Lokacin ba a ce wa mutanensa 'yan Shi'a. 'Yan buraza ake cewa, su kuma suna kiran junansu 'yan'uwa.

An haife shi a Zariya a 1953. Bayan karatun allo da na zaure ya shiga Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 don horar da alƙalai, inda irin su Malam Abubakar Gumi suka yi karatu. Shi bai bi layin alƙalanci ba. Ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta tattalin arziki, ya yi fice a Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, har ya zama mataimakin shugabanta na ƙasa mai kula da hulɗa da ƙasashen waje. A 1979 jami'a ta hana shi takardar digiri saboda gwagwarmayarsa. A wannan shekarar ce kuma Ayatullah Khumaini ya kifar da Sarkin Iran.

A 1980 Zakzaky ya je Iran, ya dawo da wuta a baki. A taron ɗalibai a Funtuwa ya shelanta cewa ya yi wa tsarin mulkin Nijeriya bara'a, ba shi ba biyayya ga dokar da ba ta Allah ba. Daga nan taken da ya bi bangayen garuruwan arewa ya samo asali: babu hukuma sai ta Allah. Kotu da majalisa da zaɓe duk suka shiga ƙarƙashin kalma ɗaya, ɗagutu.

A Iran juyin ya ɗora masu rawani a kan kujerar alƙalanci. Khumaini ya naɗa Sadiƙ Khalkhali alƙalin kotun juyin juya hali, shi kuwa ya riƙa yanke hukuncin kisa cikin gaggawa, har da na tsohon firaminista Amir Abbas Huwaida a watan Afrilun 1979. A nan Nijeriya abin ya zo a juye. Zakzaky bai taɓa zama alƙali ba. Kusan duk rayuwarsa shi ne ake tsayarwa a gaban alƙali. Shagari ya ɗaure shi, Buhari ya tsare shi, Babangida ya ɗaure shi, Abacha ya kama shi a watan Satumbar 1996, bai fito ba sai ƙarshen 1998 a zamanin Abdulsalami. Ya ga Inugu, ya ga Kirikiri, ya ga Fatakwal da Kaduna. Mabiyansa suna lissafa shekara tara a kurkuku kafin ƙarni ya juya.

Cikin wannan tsakani ne gidan ya tsage. Wajen 1994, da ta bayyana cewa Malam ya rungumi mazhabar Shi'a, wasu manyan almajiransa irin su Abubakar Mujahid suka ware suka kafa Jama'atu Tajdidil Islam. Zarginsu shi ne an ɗauko su da sunan gwagwarmaya, an sauke su a wata aƙida da ba a faɗa musu ba. Waɗanda suka tsaya suka ce hanya ɗaya ce tun farko. Har yau ba a gama wannan gardama a majalisun hira ba.

Sai abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, Jigawa ta bi sahu a 2000 zamanin Saminu Turaki, an zaci mutumin da ya shekara ashirin yana kiran shari'a zai shiga gaba. Sai ya ƙi. Hujjarsa ita ce ba a aza shari'a a kan tsarin da ba na Musulunci ba, kuma a irin wannan yanayi kan talaka za ta ƙare. A lokacin an zage shi sosai a kan wannan magana, mu ma nan an yi ta cacar baki. Wanda ya duba su wa aka fi yi wa bulala a shekarun da suka biyo baya, zai yi wuya ya ce Malam bai hango komai ba.

Amma kukan da ake yi da Harkar, wato tafiyar Malam da mabiyansa, shi ma ba ƙage ba ne. Muzahara da tattakin Arba'in sukan rufe hanya, fasinja ya yini a mota, 'yan hurras, masu tsaron Harkar, cikin kayan sarki irin nasu suna ba da hannu kamar su ne hukuma. Mazauna Gyallesu, unguwar da gidan Malam yake, da dama sun yi ƙorafin zama a unguwarsu kamar baƙi. Wannan ne ya sa ranar da masifa ta auku, mutane da yawa suka kawar da kai.

A 25 ga Yulin 2014, ranar muzaharar Ƙudus, sojoji suka kashe mutum sama da talatin a Zariya, ciki har da 'ya'yan Malam uku. A 12 ga Disambar 2015 mabiyansa suka tare hanyar ayarin hafsan sojan ƙasa, Janar Tukur Buratai, kusa da cibiyarsu Husainiyya Baƙiyyatullah. Soja suka ce yunƙurin kisa ne. Aka kwana biyu ana luguden wuta, aka rushe Husainiyya da gidansa na Gyallesu, aka kashe wasu 'ya'yansa uku da Malam Muhammad Turi, shi da matarsa Zeenah aka tafi da su da raunin harsashi. Sakataren gwamnatin Kaduna da bakinsa ya shaida wa hukumar bincike ta Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Soja ɗaya ne ya mutu, Kofur Yakubu Ɗankaduna. Hukumar ta ɗora wa Zakzaky laifin ƙin tsawata wa mabiyansa, ta kuma ce sojoji sun wuce gona da iri, a gurfanar da masu hannu.

Daga nan sai ga wanda ya yi wa tsarin mulki bara'a yana neman haƙƙinsa da sassan tsarin mulkin, ta bakin lauyansa Femi Falana. A 2 ga Disambar 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce tsarewar haramtacciya ce, a sake su cikin kwana 45, a biya kowannensu naira miliyan 25. Gwamnatin da ke zarginsa da raina doka ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. A 2018 jihar Kaduna ta gurfanar da su bisa tuhuma takwas, har da ta kisan kai. A Yulin 2019, bayan arangamar Abuja da ta ci ran mataimakin kwamishinan 'yan sanda Usman Umar da wani matashin ɗan jarida, kotu ta haramta Harkar baki ɗaya. A watan da ya biyo baya aka kai shi Indiya magani, ya dawo cikin 'yan kwanaki ba a yi ba.

A 28 ga Yulin 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada na Babbar Kotun Kaduna, bayan ya saurari shaidu 15 na masu ƙara, ya ce babu abin da za su kare, ya sallame su. Sun shekara biyar da wata bakwai a tsare. Har zuwa wannan rana ba a tsayar da soja ko ɗaya a gaban kotu kan gawawwakin Mando ba.