Waƙoƙin Gershwin a Bakin Allurar Garmaho

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon faifan garmaho ya san nauyinsa da saurin fashewarsa. Baƙi ne, faɗinsa inci 10, yana juyawa sau 78 a minti guda, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. In ka duba takardar da ke tsakiyar faya-fayan Amurka na shekarun 1920, za ka ga sunan waƙa, da irin rawar da za a taka, galibi fokstirot, sai sunan shugaban makaɗa da manyan haruffa. Sunan wanda ya tsara waƙar yana can a maƙale da ƙananan baƙaƙe. Mai rerawa kuwa sau da yawa ko ambatonsa ba a yi. Ta wannan ƙofa yawancin mutane suka fara jin waƙoƙin George Gershwin, don masu halin shiga gidajen wasan Broadway a birnin Niyok ba su taka kara sun karya ba.

Shi kansa Gershwin ɗan kasuwar waƙa ne tun yana yaro. An haife shi a 1898, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya kama aiki a kamfanin buga waƙoƙi na Remick a kan dala 15 a mako. Aikinsa talla: ya wuni a ɗan ƙaramin ɗaki yana kaɗa fiyano, ko wani mawaƙi zai ji sabuwar waƙa ya ɗauka. Ya koyi darasin da kyau. "Swanee" da ya yi a 1919 ba ta yi wani tashe ba sai da Al Jolson ya sa ta a faifai a Janairun 1920, nan da nan ta cika gari.

Ɗaukar sauti a lokacin aikin ƙarfi ne. Babu makirufo, babu lantarki a cikin lamarin. Wani ƙaton mazurari ne ke fitowa daga bango, makaɗa su taru a bakinsa, ƙarar da suka yi ita ke girgiza allurar da ke yanka layi a kan kaki. Masu goge a matsa da su gaba, masu busa ƙaho a tura su baya, mai ganga a ce ya sassauta hannu kada allura ta yi tsalle. In wani ya yi kuskure a ƙarshen waƙa, a sako sabon kaki a koma farko. A haka Paul Whiteman da makaɗansa suka ɗauki "I'll Build a Stairway to Paradise" a 1922 wa kamfanin Victor. A haka kuma aka ɗauki "Rhapsody in Blue" a Yunin 1924, Gershwin na kan fiyano, bayan an datse kiɗan don ya shiga gefe biyu na babban faifai.

Makaɗan gidajen rawa ba ruwansu da labarin wasan da waƙa ta fito daga ciki. Ƙafafun masu rawa suke wa aiki. Su ɗauki amshi su yi ta juya shi, yanzu a bakin ƙaho, an jima a bakin saksofon, mawaƙi ya shigo a tsakiya ya rera sau ɗaya ya koma gefe. Ni dai ban ga laifinsu ba, ko da yake da yawa daga cikin faya-fayan nan kamar ƙosai suke, kasko ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Amma su ne suka raba waƙa da wasanta, ta tsaya da ƙafafunta. Dubi "The Man I Love". An cire ta daga wasan "Lady, Be Good!" a 1924 kafin ya iso Niyok. An sa ta a "Strike Up the Band" a 1927, wasan ya mutu a Philadelphia. An gwada ta a "Rosalie", nan ma aka fasa. Sau uku ke nan dandali yana tofar da ita, amma makaɗan rawa na Landan sun riga sun rungume ta, mawaƙa irin su Marion Harris suka sa ta a faifai, ta shahara ba tare da wasa ko ɗaya ya goya ta ba.

Zuwan makirufo a 1925 ya buɗe kunne. Ganga ta fito sarari, murya mai taushi ta sami wuri, aka daina ihu a bakin mazurari.

Sai ga daren 14 ga Oktoba, 1930, da aka buɗe wasan Gershwin mai suna "Girl Crazy". 'Yan kallo mawaƙiya Ethel Merman suka tafi gida suna zance, yadda ta riƙe sauti ɗaya a "I Got Rhythm" har aka ɗauka numfashinta ba zai ƙare ba. Amma a ramin makaɗa da ke ƙasan dandali, cikin ƙungiyar Red Nichols, akwai samari da ba a san su sosai ba tukuna: Benny Goodman, Glenn Miller, Gene Krupa, Jimmy Dorsey da Jack Teagarden. Kafin shekara goma kowannensu ya zama shugaban makaɗa mai zaman kansa. Nichols ya ɗauki waƙar a faifai cikin watan nan.

Daga nan ta faɗa hannun makaɗan jaz baƙar fata, a nan kuma labarin ya fi daɗi. Louis Armstrong ya ɗauke ta a Shikago a 1931, yana raha yana kiran makaɗansa ɗaya bayan ɗaya kowa ya nuna gwanintarsa. A 1932 Sidney Bechet ya yi abin da ya fi haka: a faifansa "Shag" ya ajiye karin waƙar gaba ɗaya, ya riƙe jerin sautukan da ke ƙarƙashinta, ya ɗora nasa a kai. Wato ya rushe ɗakin ya bar harsashi. Dokar haƙƙin mallaka kuwa kari da kalmomi take karewa, ba ta kama harsashi, saboda haka ba sisin da za a biya kowa. Makaɗa suka yanke 'yar jelar da Gershwin ya ƙara a ƙarshe, gaɓa 34 ta koma 32, ta zama filin da ake gwada ƙwanji a kai cikin dare bayan an tashi aiki.

Faifan da na fi so a duk wannan jeri shi ne "Oh, Lady Be Good" na 1936. A Shikago aka ɗauke shi, Count Basie na kan fiyano, amma da yake ya riga ya sa hannu da kamfanin Decca, sai aka fake da sunan mai ganga da mai ƙaho, aka rubuta Jones-Smith Incorporated. Ranar ce Lester Young ya fara shiga ɗakin ɗaukar faifai. Ya busa amshin sau biyu a jere, a natse, kamar mai hira a zaure, kuma yara masu koyon saksofon suka haddace busar nan tamkar karatu. Cikinsu har da Charlie Parker.

Gershwin ya rasu ranar 11 ga Yuli, 1937, yana da shekara 38, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa. Bai ji "Lester Leaps In" na 1939 ba, bai ji "Cotton Tail" na Duke Ellington na 1940 ba, alhali duka biyu a kan harsashin "I Got Rhythm" aka gina su. Mai karatu, in ka sami sarari, nemo faifan Nichols na 1930 a intanet ka saurara, sannan ka bi shi da na Ellington. Shekara goma ce kawai a tsakaninsu.