Daga Bakin Turmi zuwa Zauren Shawara: Muryar Mata a Tarihin Nijar

Ranar 13 ga watan Mayu na shekara ta 1991, dubban mata suka fito kan titunan birnin Yamai, ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa da matan gida, daga ƙabilu dabam-dabam na ƙasa. Abin da ya fito da su shi ne kwamitin da aka kafa domin shirya babban taron ƙasa, wanda jama'a suka laƙaba wa suna taron gamin gambiza. An jera sunayen wakilai sama da 60, amma mace ɗaya tak aka sa a ciki. Matan ba su janye ba sai da aka amince da ƙara musu kujeru 5, kuma tun daga shekara ta 1992 wannan rana ta zama ranar matan Nijar. Sau da yawa ana ba da labarinta kamar a ranar ce mata suka buɗe baki. Idan aka waiwayi tarihi za a tarar sun daɗe suna magana a cikin waƙa da kiɗa da hira, kuma muryarsu ta riga ta ƴan siyasa ƙetare iyakokin harsuna. Abin da suka nema a 1991 shi ne a saurare ta a wurin da ake yanke shawara.

Kiɗan tsakar gida

A ƙasar Hausa, mafi yawan kayan kiɗan mata kayan aikin gida ne. Da turmi da taɓarya ake yin lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi guda, kowacce tana jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Ƙwarya da aka kife a kan ruwa ita ce gangar amada da bukukuwan aure da suna. Shantu na ƴan matan amarya ne, gaɗa kuwa ta dandali ce idan farin wata ya fito. Waƙoƙin niƙa da na daka suna da wani aiki na musamman. Macen da kunya ta hana ta ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta kuma hana ta mayar wa uwar miji magana, a bakin dutsen niƙa take samun damar faɗin abin da ke cinta, ta hanyar habaici, kowa a gidan yana ji, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

A arewa, wajen Abzinawa, turmin nan ne dai ake rufe wa baki da fatar akuya ya zama tende, mata su zauna kewaye da shi suna waƙa da tafi, mazaje suna zagaya su a bisa raƙuma. Imzad kuwa, goge mai tsirkiya ɗaya, mata kaɗai al'ada ta yarje wa su kaɗa shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. A yamma, matan Zabarmawa suna da zabiyoyinsu na biki, suna kuma da foyandi, wato wunin da mata ke yi a gidan ɗaya daga cikinsu, a ci abinci, a yi hira, a tara gudummawa. Harsunan sun bambanta, amma duk macen da ta je bikin wata ƙabila ta tarar da turmi da ƙwarya da tafi, ta san inda za ta sa hannu.

Mata ba su rasa wakilci ba a fadojin gargajiya. A Maraɗi akwai Iya, a Tsibirin Gobir akwai Inna, a masarautun da suka gaji Barno akwai Magira, kuma kowacce tana da fadarta da mutanenta, ana kai mata ƙarar da ta shafi mata. Haka nan taubasantaka, wadda ta haɗa Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa, Zabarmawa da Abzinawa, ta ba jama'a hanyar faɗa wa juna gaskiya cikin raha. A gidajen biki da kasuwanni da bakin rijiya, mata suna cikin masu riƙe da wannan wasa, wanda shi ma UNESCO ta amince da shi a 2014.

Zuwan rediyo

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shekaru biyu kafin samun ƴancin kai. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na sauraren rediyo. Mai jagorantar kulob, wanda sau da yawa malamin lakwal ne, yakan tara mutanen gari su saurari shiri a kan noma ko lafiya ko tarbiyya, su tattauna, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda ya aika Yamai, a sake watsa su ƙasa duka ta ji. Ta haka manomin Gobir ya fara jin ra'ayin masuncin bakin kogin Isa.

Rediyon ne kuma ya fitar da waƙar mata daga tsakar gida. Muryoyin zabiyoyi irin su Hawa Zale da Buli Kakasi da Dalwaize, waɗanda ke waƙa da Zabarmanci, sun isa Damagaram da Tawa, inda mutane da dama suka san amshinsu ba tare da sun ji harshen ba. Daga kudu kuma, tashoshin Najeriya da kasa-kasai suka kawo amadar Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta yi ta kiran mata su kama sana'a. Sai dai wannan suna bai sauya matsayin zabiya a idon jama'a ba. Ana gayyatarta biki, ana yi mata liƙi, amma ana lissafa ta cikin maroƙa, kuma gidaje da yawa ba su so ɗiyarsu ta bi sawunta.

Zamanin samariya

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seini Kunce ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ginshiƙin tafiyar da matasa. A 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata, aka kafa ƙungiyar matan Nijar, AFN. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma aka shiga shirya bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan biranen jihohi 7 na lokacin, wato Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Yamai da Damagaram. Kowace jiha takan zo da ƴan wasanta a yi gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ƴan mata su ne ƙashin bayan rukunonin waƙa da rawa. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba sai ga ta a mota zuwa wata jiha, ta kwana wuri guda da tsararrakinta Tubawa da Gurmawa da Fulani, ta koma gida da kalmomin gaisuwa da amshin waƙa na wani harshe. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan zamani, har yau da waƙoƙin bikin suke tuna shi.

Amma wajibi ne a faɗi iyakar abin. Hukuma ce ke zaɓen jigon waƙoƙi: haɗin kan ƙasa, aikin gayya, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci. AFN tana ƙarƙashin gwamnati, ba ta da ikon sukar ta. Yawancin ƴan matan kuwa da an ɗaura musu aure sun bar dandali ke nan. An ba mata makirfo su rera abin da aka tsara, ba a tambaye su abin da suke so a tsara ba. Duk da haka, a nan ne wasu suka koyi tsayawa gaban taro ba tare da murya ta yi rawa ba, a cikin AFN kuma wasu suka koyi shirya taro da rubuta takardar koke. Wannan horo ya yi amfani daga baya.

Ƙarshen shekarun 1980 ya zo da sababbin ƙofofi. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Adar, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, mai sunan Alhaji Taya. A fagen mulki, Aisata Mumuni ta zama mace ta farko da ta shiga gwamnati a 1987, zamanin Ali Shaibu, kuma a 1989 mata 5 suka shiga majalisar dokoki mai kujeru 93.

Shekara ta 1991 da abin da ya biyo baya

Taron gamin gambiza ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu, da wakilai kimanin 1200, jama'a suna bin muhawarar ta rediyo. A cikin shekarar ce kuma aka soma wani abu a ƙauyukan jihar Maraɗi wanda bai yi amo ba a lokacin. Da tallafin ƙungiyar CARE, mata suka kafa rukunonin Mata Masu Dubara, waɗanda suka ɗoru a kan tsohuwar al'adar asusu da adashi. Mata 20 zuwa 30 sukan haɗu kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, a ba mai bukata rance ta ja jari, a raba riba idan zagaye ya cika. Kuɗin ne ke tara su, amma zaman mako-mako ya zama majalisa, inda ake maganar awon ciki da karatun ɗiya mata da auren wuri da rabon gona. Wannan dubara ta Maraɗi ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, kuma daga cikin rukunonin aka samu matan da suka tsaya takarar kansila suka ci.

Hanyoyin hira ma sun yawaita. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun fara aiki daga 1994, na karkara kuma daga 1999, inda Bankilare ta zama ta farko. Samari suka kafa fada-fada a bakin tituna suna shan shayi suna tattauna lamurran ƙasa, mata kuwa suka sami shirye-shiryen kiran waya da harsunansu.

Tafiyar ba ta kasance miƙaƙƙiya ba. Daftarin dokar iyali ya ci tura a 1994. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce kawai ta shiga majalisa cikin wakilai 83. A tarzomar Nuwamba 2000 da ta ɓarke saboda bikin nunin tufafi na FIMA, mata marasa aure a Maraɗi suna cikin waɗanda aka far wa. A cikin wannan shekara dai aka kafa dokar kaso, wadda ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi ga kowane jinsi. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113. An ɗaga kason zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, na naɗi kuma ya kai 30.

Sababbin muryoyi

Mawaƙan da suka taso a wannan tsakani sun gaji zabiya da samariya duka biyu. Hamsu Garba, wadda aka haifa a Maraɗi a 1958, ta yi waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa, ta shiga waƙar siyasa gadan-gadan, har aka tsare ta na ƴan kwanaki a lokacin zaɓen 2016. Ta rasu a Disamba 2022. Fati Mariko ta yi suna da waƙoƙin faɗakarwa. Rukunin Sogha, wanda mata ke ja wa gaba, ya fito fili lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamba 2005, yana haɗa harsuna da kayan kiɗa na sassan ƙasa a dandamali guda. Daga ƙauyen Illigadad na yankin Abalak kuma, Fatu Seidi Gali ta ɗauki gita, wadda a da ake ganin ta maza ce, ta gama ta da tenden iyayenta mata. Faifan farko na rukuninsu ya fito a 2016, daga nan suka zagaya Turai da Amurka.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Dokar shekara ta 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, Tubanci, Gurmanci, Larabci, Buduma da Tasawak. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ambaci sauran a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Wannan girma ne, kuma nauyi ne a kan masu Hausa, domin harshen da ya fi yawan masu magana shi ya fi sauƙin danne na kusa da shi ba da gangan ba. Matan da aka hana kujera a 1991 sun san ciwon a yi maganarka ba ka nan, kuma darasin ya shafi Batuben Bilma da Bagurmen Makalondi kamar yadda ya shafe su.

Akwai kuma abin da ba ya jira. Injin niƙa ya shiga kusan kowane gari, ya sauƙaƙa wa mata wahala, amma waƙoƙin dutsen niƙa suna tafiya tare da tsofaffin da suka iya su. Gaɗa ta ja baya a birane, masu kaɗa imzad kuma sun yi ƙaranci. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Malamin da ke da ɗalibai daga ƙabilu huɗu ko biyar a aji guda yana iya aika kowane ɗalibi wurin kakarsa ya ɗauko waƙa ɗaya a waya, ya rubuta sunan mai waƙar da garinta da harshenta da lokacin da ake rera ta, sannan a saurara tare a fassara wa juna. Ƙungiyar al'adu da ke shirya bikin 13 ga Mayu tana iya gayyatar zabiya ta yi waƙa, idan ta gama kuma a ba ta kujera a teburin masu jawabi, a tambaye ta abin da ta gani a shekarun da ta yi tana shiga gidajen mutane.