Daga Wuƙar Masassaƙi zuwa Kabad ɗin Attajiri

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, hayin kogin Kaduna, daga baya masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo. Dubban mutane suka baro ƙauyukansu suna shiga aiki da jiniya, suna tashi da jiniya. Irin wannan rayuwa Turawa sun riga mu ɗanɗana ta, kuma ita ta haifi wasu littattafai da ba su da kalma ko ɗaya, sai hotuna baƙi da fari.

Sana'ar buga irin waɗannan hotuna ita kanta tsohuwa ce. Ana sassaƙa hoto a kan katako a juye, kamar yadda masu yin hatimi suke yi a bakin titi, a shafa tawada, a danna takarda. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Bewick, wanda ya rasu a 1828, shi ya kyautata ta: ya riƙa yanka icce mai tauri a gicciye, yana ƙwaƙule shi da ƙarfen maƙeran azurfa, har gashin tsuntsu yana fita ɗaya-ɗaya. Amma shi tsuntsaye da dabbobi suka dame shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sa wa sana'ar haƙora. Frans Masereel, ɗan Beljiyam da ya ƙi yaƙin ya zauna a Janeba, ya fitar da labarin wani ma'aikaci a 1918 cikin hotuna 25 kacal: haihuwa cikin talauci, kurkuku, yajin aiki, sannan harbi. A 1925 ya yi hotuna 100 a kan birni, hayaƙin masana'antu a sama, mai kuɗi na shagali, talaka na kwana da yunwa. Mawallafinsa na Jamus, Kurt Wolff, ya buga littattafansa da araha don lebura ya iya saya. Hikimar ke nan: wanda bai yi boko ba ma ya karanta. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 suka hana su, alamar dai saƙon ya isa. A Amurka kuma Lynd Ward ya fitar da *Gods' Man* a 1929, daidai lokacin da kasuwar hannun jari ta rushe.

Mu ta Zariya abin ya iso mana. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Onobrakpeya, wanda ya yi suna wajen buga hoto daga abin da ya sassaƙa, shi ya ƙawata *An African Night's Entertainment* na Cyprian Ekwensi a 1962, littafin da manazarta suka daɗe suna nuna kamanninsa da *Jiki Magayi*. Wato labarin ƙasar Hausa ne na attajirin da ya ƙwace budurwar talaka.

Yadda waɗannan littattafan na araha suka zama na masu hali, ba wani sirri ba ne. Littafin talaka hannu da hannu yake yawo har ya yage. A nan kuma ga gara, ga damina. Kwafi kaɗan ke tsira, su ne masu tarawa ke farauta: bugun farko, da bangonsa na asali, in da sa hannun mai zanen to kuɗi ya ninka. Abin da ban haushi, a ganina, hoton yajin aiki ya ƙare a kabad mai gilashi, inda leburan da aka zana ba zai taɓa leƙawa ba.

KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba. Ɗaliban zane na Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba sa bukatar zuwa Janeba neman abin sassaƙawa. Motar Kakuri kawai za su hau.