Tantance bayanan intanet: abin da ake koya wa ɗaliban jami'a

Tantance majiya shi ne binciken asalin bayani kafin a gaskata shi ko a kafa hujja da shi. Ga ɗalibi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda aka kafa da dokar jiha a 2001, wannan ilimi ya zama dole, domin wayar da yake neman bayanan kundin kammala digiri da ita, ta nan jita-jita ke iso masa.

Illar rashin tantancewa ba ɓoyayya ba ce. A watan Agustan 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya bazu ta wayoyi cewa sha da wanka da ruwan gishiri na kare mutum daga cutar. An kwantar da mutane da dama a asibiti, an kuma ruwaito mutuwar aƙalla biyu.

A jami'o'in Nijeriya, an saba fara wannan horo ne a darasin amfani da ɗakin karatu, cikin darussan bai-ɗaya. Ana koya wa ɗalibi tambayoyi huɗu: wa ya rubuta, yaushe, mece ce hujjarsa, kuma me yake nema da rubutun?

Sai dai masana sun lura cewa duba shafin kaɗai bai isa ba, domin maƙaryaci ma yana iya ƙawata shafinsa da tambari da sunan farfesa. Wani bincike da Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar a 2016 ya nuna ɗalibai da yawa ba sa iya bambance talla da labari. Daga baya masu binciken suka gano cewa ƙwararrun masu bin diddigi ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba. Fita suke yi su nemi abin da wasu majiyoyi suka ce game da mai shi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda malaman hadisi ke bincikar halin mai ruwaya kafin karɓar ruwayarsa.

A aikace, ɗalibi zai bi alƙaluma zuwa hukumar da aka jingina wa, kamar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Zai saka hoto a manhajar Google Lens don ganin inda ya taɓa fitowa. Zai leƙa Dubawa, wadda aka kafa a 2018, ko Africa Check. Amsar manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma sai an tantance, domin sukan ambaci littafin da babu shi.

A watan Oktoban 2022, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya na UNESCO kan wannan fanni.