Jimeta: Ƙauyen Bakin Kogi da Ya Zarce Yola

Yawancin yaranmu da aka haifa a Jimeta sun ɗauka tun fil azal birni ce. Ba haka abin yake ba. Da Modibbo Adama ya baro Gurin, ya yi zama a Ribadu da Joboliwo, sannan ya kafa Yola a 1841. Tudu ya zaɓa, nesa kaɗan da Kogin Binuwai. Sunan ma daga kalmar Fulatanci "yolde" ya fito, wato tudu. Jimeta kuwa ƙaramin ƙauye ce a bakin ruwa, a ƙasar da 'yan ƙabilar Bata suka daɗe suna zaune.

Kogin ne ya ɗaga ta. Da damina, idan ruwa ya cika, jiragen kamfanin Royal Niger kan hauro su sauke gishiri da yadi, su ɗauki ƙaro da hauren giwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a Satumban 1901, Lamido Zubairu ya fice, mulki da ciniki suka karkato bakin kogi, kakanninmu fatake daga ƙasar Hausa suka yi ta biyo baya. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, ma'aikatu suka zauna a Jimeta, fada ta tsaya a Yola.

Sai dai garin ya bazu har cikin fadama, inda mutanen da ba sa gini. A 2012, da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, gidajen kwari ne suka fara nutsewa, kuma har yau wasunmu can suke sayen fili saboda arha.